Tsadar kayan gyaran kat-kat: ina kuɗin ke tafiya, wa kuma ke biya?

Sharhinmu na wannan mako a kan ƙarfe yake: kayan gyaran motocin nan masu jan ƙafa huɗu da muke kira kat-kat. Wani zai ce ina ruwan talaka da wannan magana, shi da ko keke bai mallaka ba? To ai shi ne ma mai ruwan. Duk wanda garinsu ke nesa da kwalta, daga Bermo zuwa Tesker, daga Tilliya zuwa Belbeji, ya san motar da ke kai shi kasuwa, da mai kwaso buhunan taki, da mai ɗaukar mai naƙuda zuwa asibitin gunduma, duk kat-kat ce, ko Hilux ko Land Cruiser. Ranar da ɗaya daga cikinsu ta kwana a gareji saboda an rasa kuɗin wani ɗan ƙarfe, ba mai motar kaɗai ke jin jiki ba.

Koken da ke iso mana daga tasoshin mota da garejoji kusan iri ɗaya ne. Kayan gyara, waɗanda kanikawanmu ke ce wa piyes, 'yan'uwanmu na Najeriya kuma safaya, sun yi tashin gwauron zabo, kuma da zarar mai kanti ya ji kat-kat za a saka wa, sai kuɗin ya ƙara hawa. In ka tambaye shi dalili, amsa uku ce a bakinsa: iyaka, duwan, canji. Mun ɗauki ukun nan mun auna su. Akwai gaskiya a cikinsu, amma nauyinsu bai kai farashin da ake faɗa ba. Akwai wani kaso da ke hawa kan kaya bayan sun riga sun iso kanti, kuma abin da ke haifar da shi shi ne mai saye ba ya iya tantance abin da aka miƙa masa.

Maganar iyaka

Kafin 26 ga Yulin 2023, mafi yawan kayan da Nijar ke shigowa da su ta teku ta tashar Kwatano suke biyowa, su hau zuwa Malanbil, su tsallaka gada zuwa Gaya, su iso Doso. Daga Doso mai zuwa Yamai ya yi yamma, mai zuwa Ƙonni da Maradi da Damagaram ya yi gabas. Kwatano zuwa Yamai kilomita dubu ne da 'yan kai. Ranar 30 ga Yulin 2023 CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, hanyar ta toshe. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen, hukumomin Yamai kuma suka bar namu a rufe bisa dalilan tsaro da suka bayar.

Sai kaya suka koma tashar Lome. Daga can su ratsa Togo, su shiga Burkina Faso, su bi ta garin Kaya da Dori su ɓullo Tera. Hanyar ta fi ta da tsawo da ɗaruruwan kilomita, kuma ba a bin ta sai cikin ayari da rakiyar sojoji, don haka babbar mota kan yi makonni tana jiran ayari ya haɗu. Duk kwanan da ta yi a tsaye kuɗi ne. Mu mutanen gabas abin ya fi shafa, domin a da kayanmu a Doso suke karkatowa, yanzu kuwa sai sun shiga ta yammacin ƙasa sun ratsa Yamai, sannan su ƙara wajen kilomita 660 zuwa Maradi, ko kusan 900 zuwa Damagaram. Wannan gaskiya ce, babu mai musu.

Amma fa ba kowane ƙarfe ne ke bin wannan doguwar hanya ba. Taya, batir, sifirin, inji sukutum, waɗannan kayan nauyi ne, in sun yi tsada saboda hanya mun yarda. Boris fa? Filtar gazuwal fa, da takalman birki, da gasket? Da yawa daga cikin irin waɗannan daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano suke zuwa, ko daga Ladipo ta Legas, su shigo ta Jibiya da Ɗan Isa, ko ta Kwangwalam zuwa Matamai, ko ta Illela zuwa Ƙonni. Kano zuwa Maradi ko zuwa Damagaram tafiyar kilomita 250 ce ko kusa da haka, kuma wannan iyakar an sake buɗe ta tun watan Maris na 2024. Wasu kuma, masu ƙaramin jiki da babban kuɗi irin su injekta, jirgin sama ke kawo su daga Dubai. Kwalin da bai taɓa ganin Dori ba, ta yaya za a ɗora masa kuɗin rakiyar Dori?

Duwan kuma lissafinsa a rubuce yake. Tsarin harajin shigo da kaya na yankinmu, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2015, aji biyar gare shi: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Sai harajin TVA na kashi 19, da wasu ƙananan kuɗaɗe. Harajin ƙawancen AES da aka sanar a watan Maris na 2025 rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari. Mu yi misali kawai. A ce ƙarfe ya iso iyaka a kan jaka 100, kuɗin jirgi a ciki. A ce ma an saka shi a ajin kashi 20, ya zama jaka 120. A ɗora TVA, ya zama kusan jaka 143. A ƙara ƙananan kuɗaɗen, da na mota, da na 'yan dako, da ribar mai kanti ta halal. In aka ce maka jaka 180 ko 200, za ka iya bin sawun kuɗin. In aka ce jaka 350, to akwai abin da ba duwan ne ya ci ba. Balle kowa ya san ba kowane kwali ne ke bi ta gaban teburin duwan ba.

Canji shi ne hujjar da ta fi rauni, kuma ita aka fi yawan kawowa. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655,957 a rubuce, wato kusan 656, tun 1999 ba ta motsa ba. Kuɗin Dubai kuma a ɗaure suke da dalar Amurka. Saboda haka abin da ke motsi shi ne tsakanin yuro da dalar Amurka. A watan Satumban 2022 dalar Amurka ta kai wajen sefa 680, a lokacin duk wanda ya ce canji ya tashi ya yi gaskiya. A tsakiyar 2025 ta sauko ƙasa da sefa 580. Wa ya ji an rage masa ko dala ɗaya a kanti saboda canji ya sauka? Naira kuma ta faɗi warwas: daga wajen 460 a dalar Amurka ɗaya a farashin hukuma kafin Yunin 2023, zuwa wajen 1,500 a farkon 2024. Gaskiya ne kayan da ke Kano su ma da dalar Amurka aka sayo su, don haka farashinsu na naira ya bi ta sama, mai sefa bai samu garaɓasar da ake zato ba. Amma bai yi asara ba. Faɗuwar naira ba ta isa zama dalilin ƙara wa mai sefa kuɗi ba.

Kada mu zalunci 'yan kasuwa

Sana'ar sayar da piyes ba irin ta shinkafa ba ce da ake juya jari kowane mako. Hilux kaɗai, wadda aka fara ƙerawa tun 1968, ta sauya jiki sau da yawa, kuma kowane zubi da irin injinsa da irin ƙafarsa. Mai kanti dole ya ajiye iri-iri, wani ƙarfen ya yi shekara biyu yana shan ƙura kafin mai nemansa ya zo. Kuɗinsa na kwance, banki ba ya ba shi bashi mai sauƙi, kanikawa sun karɓi kaya bashi sun yi shiru, ga haya, ga haraji. In ya yi odar abu da kuskuren lamba, babu mai karɓa ya mayar masa. Duk wannan dole ya fito a farashi, kuma akwai masu kanti na kirki da ke gaya maka gaskiyar abin da suka ba ka. Ba da su muke ba.

Farashin fuska

Abin da muke magana a kai ya samo asali ne daga su wa suka saba sayen kayan kat-kat a ƙasar nan. Shekara da shekaru, wannan mota ta gwamnati ce, da furoje, da ƙungiyoyin agaji, da kamfanonin ma'adinai. Wanda ake aikowa kanti ba kuɗinsa zai biya ba, takarda zai kai ofis. Mai saye irin wannan ba ya taya ciniki, wani lokaci ma shi ke neman a ƙara adadin da za a rubuta. Daga 2014, da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten, sai ga wasu masu sayen: mutanen da kwana ɗaya na tsayuwar mota ya fi musu kuɗin ƙarfen ciwo, ko nawa aka ce za su miƙa. Dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure ta sa an kama motoci da dama a Agadas, da aka soke ta a watan Nuwamban 2023 kuma hanyar Libiya ta sake cika da Hilux. Waɗannan su suka kafa farashi.

Shi kuma mai tsohuwar Hilux ta shekara ashirin, da ke jigilar 'yan kasuwa daga ƙauye zuwa Dakwaro ko Tanut ranar kasuwa, kanti ɗaya yake shiga da su. Sunan motarsa ɗaya da tasu, aljihunsa ne daban. Babu farashi a manne a jikin kaya, sai an dubi mutum, an dubi motar da ya sauko daga ciki, an ji ko yana gaggawa, sannan a yanka. In motar na kan hanya da fasinjoji a ciki, ya riga ya faɗi ciniki tun kafin ya buɗe baki.

Sai babbar matsalar, wadda a ganinmu ta fi duk sauran cin kuɗin jama'a. Ƙarfe ɗaya, mai aiki ɗaya, yana zuwa kasuwa da fuskoki da yawa. Akwai na cikin kwalin Toyota na gaskiya, irin wanda wakilin kamfanin, CFAO, ke sayarwa a Yamai, shi ne mafi tsada kuma an san dalili. Amma Toyota ba ita ke ƙera komai da hannunta ba. Denso ke yi mata injekta da kayan wuta da yawa, Aisin ke yin kuloci da famfon ruwa, Koyo da NSK na yin boris, KYB na yin amortisa. Waɗannan kamfanoni suna sayar da kaya a cikin kwalinsu, da sunansu, sau da yawa a ƙasa da farashin kwalin Toyota, kuma aikinsu mai kyau ne. Bayan su akwai waɗanda kanikawa ke kira adaftabul, ƙirar Taiwan ko Tailan ko Turkiyya ko Sin ko Nnewi ta Najeriya, masu ɗauke da sunan maƙerinsu ba ɓoye-ɓoye, wasu nagari wasu tarkace. Akwai na hannu, da ake kwancewa daga motocin Japan da Turai, a tara a Sharja kusa da Dubai ko a Kwatano da Legas. Sannan akwai jabu: tarkacen da aka saka a kwalin da aka buga wa tambarin Toyota na ƙarya.

Sayar da adaftabul ba laifi ba ne. Talaka na da 'yancin sayen abin da ƙarfinsa ya kai, in dai ya san abin da ya saya, kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Cutar ita ce a miƙa maka na jaka 15 a karɓi kuɗin na jaka 60 da sunan orijinal ne. A nan ribar ninki uku da huɗu take, kuma a nan ne ake biya sau biyu, domin jabun ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya ja wani abu. Filtar gazuwal ta jabu tana barin ƙura da ruwa su wuce su kashe injekta. Bel ɗin da ke daidaita bugun inji, wanda ake so a sauya bayan kilomita 100,000 zuwa 150,000 gwargwadon irin injin, in na jabu ne ya tsinke ana cikin tafiya, kan injin ne zai tafi gaba ɗaya. Takalman birki da mahaɗin ƙafar gaba kuwa ba maganar kuɗi ba ce, maganar rayukan mutum ashirin ne da ke zaune a kan kaya a baya.

Akwai kuma maganar da ba a son faɗi, wato kamashon bakanike. Mai mota bai san ƙarfe ba, sai ya ba bakanike kuɗi, ko ya bi shi kanti. Mai kanti ya san wanda ya kawo ciniki, ya san kuma in bai ajiye masa nasa ba gobe wani kantin zai kai. Wannan la'adar a cikin farashin take. Amma kafin mu zagi kanikawa mu dubi yadda muke biyansu. Mutum ya yini a ƙarƙashin mota da yaransa uku, ya sauke giya ya mayar, in an zo biyan kuɗin aiki sai a fara “haba maigida, ai mu na gida ne”. Wanda ya miƙa jaka ɗari a kanti ba gardama, shi ne zai tsaya yana ja-in-ja a kan jaka biyar ta gumin mutum. To bakaniken ya koyi inda zai fanshe. Da ana biyan aikin hannu daidai darajarsa, da ya fi sauƙi ya tsaya a gefen mai mota lokacin ciniki.

Motocin ma sun canza. Injin 1HZ mai silinda shida na Land Cruiser, da 5L na tsofaffin Hilux, injuna ne da bakaniken ƙauye ke kwancewa a gindin bishiya ya ɗaure, kuma suna haƙuri da man da bai da tsabta sosai. Injunan da suka biyo baya, irin su 2KD, da 1GD da 2GD da suka fito daga 2015, kwamfuta ke tuƙa su, suna fesa mai da matsi mai tsanani, ba sa yafe gazuwal ɗin jarka da aka tace da tsumma. Gyaransu sai da na'urar bincike, masu ita kuma 'yan kaɗan ne a wajen Yamai. Inda babu na'urar sai a shiga canke: a sauya wannan, bai yi ba, a sauya wancan. Kowane canke kuɗi ne.

Kayan ƙari kuwa, a nan ne ake wasa da kuɗi a fili. Ƙarfen gaba, ƙarfen ɗaukar kaya na sama, bututun shaƙar iska da ke hawa gefen gilashi, fitilun ƙari, na'urar jan mota, manyan ƙafafu masu ƙyalli. Wasu suna da amfani na gaske ga mai shiga daji: tankin mai na biyu, famfon iskar taya, farantan fitar da mota daga yashi, taya biyu na ajiya. Bututun iska ma yana rage ƙurar da inji ke sha in an ɗaura shi da kyau. Sauran yawanci ado ne da aka tsara don masu yawon shaƙatawa na Ostireliya da ƙasashen Larabawa, kuma abin da ke iso mana sau da yawa kwaikwayo ne da aka manna wa sunan babban kamfani. Masu walda na Maradi da Tawa da Damagaram suna ƙera ƙarfen gaba da na sama da kejin baya da ya dace da aikinmu, a gabanka, ka ga kaurin ƙarfen da idonka. Na'urar jan mota kuma, a tsakiyar yashin da babu ko kututture, a jikin me za ka ɗaure ta?

Masu motocin su ma suna da nasu kason. An ƙera Hilux don ta ɗauki wajen tan ɗaya. Je ka tasha ranar kasuwa ka ƙirga buhunan da ke kanta, da awaki, da mutane. Don ta jure sai a ƙara mata sifirin, nauyin kuma bai ɓace ba, ya koma kan boris da aksul da shasi ne kawai. Mai motar zai ce in bai yi lodin ba ba zai fitar da kuɗin gyara ba, gyaran kuma lodin ne ke kawo shi. Haka ake ta zagaye.

Inda kuɗin ke sauka

Mai mota ba ya haɗiye tsadar nan, miƙa ta yake gaba. Tana fitowa a kuɗin kujera da kuɗin buhu. Ɗan kasuwar da ya zo sayen wake ko albasa a ƙauye yana cire kuɗin mota daga abin da zai ba manomi, sannan buhun taki da na siminti su iso ƙauyen da ƙari. Manomi ya sayar da rahusa, ya saya da tsada, duk a kan mota ɗaya. In mota biyu ce ke shiga garin ɗaya ta mutu, ɗayar ta zama sarki.

Inda abin ya fi ciwo shi ne motar asibiti. Kusan shekara ashirin ke nan da gwamnati ta ce tiyatar haihuwa da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. A gundumomi da dama jama'a na ƙara dala ashirin a kan kuɗin ganin likita don a tara na man ɗaukar marar lafiya. Asusun nan na iya sayen gazuwal, amma ba ya iya sayen famfon mai ko giyar Land Cruiser. Motar da aka yi bikin miƙawa da kiɗa sai ka tarar da ita a bayan CSI an ɗora a kan duwatsu, ana jiran kwamin ta samu kuɗi. Tiyata kyauta ce a asibitin gunduma, matar kuma tana kilomita saba'in a cikin yashi, a kan amalanke.

A watan Yulin 2024 hukumomi sun rage kuɗin mai, esansi daga sefa 540 zuwa 499, gazuwal daga 668 zuwa 618. An ji daɗi, amma fasinjan ƙauye bai gani a ƙasa sosai ba, domin a hanyar yashi da kwazazzabai gyara na cin abin da ya kusa na mai. Ba muna cewa gwamnati ta yanka wa kowane ƙarfe farashi ba. Dubban iri ne, ba zai yiwu ba, kuma in aka gwada kayan ɓuya za su yi. Abin da zai yiwu ya fi haka sauƙi. Nijar na da dokar kare haƙƙin masu saye tun 2015, akwai jami'an ma'aikatar kasuwanci a kowace jaha, akwai ƙungiyoyi irin su ADDC Wadata. A tilasta wa mai kanti ya manna farashi, ya kuma rubuta a faktir sunan maƙerin ƙarfen da ajinsa: na kamfani ne, adaftabul ne, ko na hannu. Wanda ya rubuta orijinal da hannunsa ya sa hatimi, aka gano jabu ne, akwai abin kama shi da shi. Yanzu kuwa baki da baki ne, in ƙarfen ya mutu bayan mako biyu a ce bakanikenka ne bai iya ɗaurawa ba.

Ga 'yan'uwa na ƙetare

Da yawanku ku ne kuka sayi motar da ke gida, kuma ku ake kira in ta lalace. Wanda ke Abijan ko Akara ko Tarabulus ko Burusel, ya ji an ce “mota na son jaka ɗari uku”, ba shi da hanyar sanin gaskiya, ga kunyar tambayar ƙani ko kawu. Tambayar ba rashin yarda ba ce, domin sau da yawa shi ma wanda ya kira ɗin cutarsa aka yi. Kowane ƙarfen Toyota yana da lamba, yawanci mai alƙaluma goma, biyar da biyar. Kowace mota kuma tana da lambar shasi, tana cikin takardar motar. Ku sa a turo muku hoton takardar, da hoton tsohon ƙarfen, da na kwalin sabon ta WhatsApp. Da lambobin nan za ku iya tambayar farashi a inda kuke, ko a wajen ɗan'uwa da ke Kano ko Dubai, ku kwatanta. Ku kuma ce a ajiye tsohon da aka cire, kada ya kwana a gareji, don wani lokaci shi ake wankewa a sayar wa na gaba.

In za ku aiko da kayan da kanku, ƙanana masu tsada ne suka cancanta: injekta, kayan wuta, bel, filta. Sifirin da taya kuɗin dakonsu zai cinye ribar. Kada kuma a saya da sunan mota kawai. Hilux da aka ƙera don Turai da wadda aka ƙera don Afirka ko ƙasashen Larabawa suna iya kama da juna a ido, cikinsu daban. Wannan ya shafi masu niyyar turo mota ma: sababbin na Turai na ɗauke da na'urorin tace hayaƙi da wani ruwa na musamman da ake zuba musu, abubuwan da ba a samu a Mayahi ko Abalak. Mota mai ƙyalli da za ta tsaya wata shida tana jiran ƙarfe daga Faransa ba ta kai tsohuwa mai sauƙin inji amfani ga ƙauye ba.

Su kuma direbobi da masu motoci, suna da sandika a kowace tasha, ana karɓar kuɗin layi kullum. Motocin da ke layi ɗaya yawanci zubi ɗaya ne, filta ɗaya suke sha, boris ɗaya, takalman birki ɗaya. Mota ashirin in suka haɗa kuɗi kafin damina, lokacin da hanyoyi ke cin ƙafar mota, suka tura mutum biyu amintattu da bakanike ɗaya aka sayo kwali-kwali a wajen babban dila, farashin sari za su samu, kuma dilan ba zai so ya rasa masu saye ashirin a kan jabu ɗaya ba. Ko ba a kai ga haka ba, littafi ɗaya a ofishin tasha ya isa a fara: duk wanda ya sayi ƙarfe ya rubuta lambarsa, da sunan da ke jikin kwalin, da kuɗin da ya biya, da watan da ya ɗaura, in ya mutu kuma a dawo a rubuta watan da ya mutu.